Buntun Injin Alhaji

Abin da zan rubuta a nan ya faru ne 'yan shekarun baya, kuma a lokacin ban ajiye rubutun komai ba. Abin da ya rage a hannuna kwafin takardu biyu ne kawai, ɗaya ma ruwan sama ya taɓa gefenta. Sauran duk daga ka nake ɗebowa. Mai yiwuwa na gabatar da abin da ya zo daga baya, ko na sa wa wani maganar da wani ne ya faɗe ta. Inda nake da shakka zan faɗa. Ban ambaci sunan kowa ba, domin kusan duk mutanen suna raye kuma muna haɗuwa.

Shekarar ita ce wadda na dawo gida Illo bayan na gama bautar ƙasa. Na karanci ilimin muhalli a jami'a, ban samu aiki ba, ina zaune a ɗakin ƙofar gidanmu ina tura takardun nema. Mahaifinmu ya daɗe da rasuwa. A gidan daga ni sai Inna, mahaifiyarmu, da wata jikarta da ke kwana ɗakinta. Yayana yana aiki a Birnin Kebbi, shi ke ɗauke da yawancin hidimar gidan. Ni ne auta, kuma da Auta kowa ke kirana a unguwar, har waɗanda na girma.

Sana'ar Inna, kamar ta yawancin matan unguwarmu, turara shinkafa ce. Ta sayi shinkafa mai ɓawo daga manoma, ta jiƙa, ta turara a rabin duro, ta shanya a tsakar gida, sannan a kai inji a cashe. Ranar kasuwa mata daga ƙetaren iyaka, wajen Benin, kan biyo har gida su auna. Wasu da Dendanci suke ciniki, Inna na mayar musu da ɗan abin da take ji, a yi dariya a rabu lafiya.

Injin casar yana bayan gidanmu, tsakaninmu da shi lungu ɗaya. Na wani Alhaji ne, sa'an mahaifinmu, kuma ɗan uwa ta wani gefe. Tun ina yaro nake jin ƙararsa har na daina jin ta. Abin da ya sauya bayan na tafi karatu shi ne buntu, wato ɓawon shinkafar da inji ke fitarwa. Da can na san shi ɗan tudu ne da bai wuce gwiwa ba. Da na dawo sai na tarar an kewaye filin injin da katangar bulo da ƙofar ƙarfe, tulin buntu kuwa ya zarce katangar, ana hango kansa daga tsakar gidanmu. Kuma yana ci da wuta.

Wanda bai san wutar buntu ba zai ɗauka harshe take yi. Ba ta yi. Ciki take ci a hankali, sama na nan kamar ba komai, sai farin hayaƙi mai kauri da ke tsattsafowa. Da safe kafin iska ta motsa yakan kwanta cikin lunguna, ya shiga ɗakuna, ya kama tufafi da abinci. Ma'aikatan injin ne suka kunna ta don tulin ya ragu. Na ga katangar, na ga tulin, ban haɗa su a raina ba. Na ce wa kaina noman rani ne ya bunƙasa, shinkafa ta yi yawa, shi ya sa buntu ya yi yawa. Akwai gaskiya a cikin wannan, amma ba ita ce duka ba.

Inna tana da ciwon fuka tun da daɗewa, sai dai a da sau ɗaya ko biyu yake tashi a shekara. A wannan bazarar kusan kullum ne. Ta idar da sallar asuba ta zauna bakin gado, hannu biyu a kan gwiwa, tana jan numfashi da ƙyar har ana jin kukansa daga ƙofar ɗaki. Sau biyu na kai ta asibiti a kan babur. A karo na biyu Yaya ya kira ni a waya, ya ce shi ya gama magana: idan wata ya mutu hayaƙin nan bai tsaya ba, zai zo da mota ya ɗauki Inna ta koma wurinsa.

Da na gaya mata, sai ta ce, "Ka ce mai ba inda za ni. In tahi in zamna cikin bene ina kallon bango? Ɗakin ga ubanku ya kawo ni."

Na san Yaya, na kuma san idan ya zo da mota a gaban mutane Inna ba za ta kunyata shi ba. Za ta shiga tana kuka, kuma ina jin ba za ta sake dawowa ba. Daga ranar abin da ke raina ke nan: hayaƙi ya tsaya kafin ƙarshen wata, Inna ta zauna a ɗakinta.

Sai na yi abin da aka koya mini. Na zauna na rubuta takardar koke zuwa ofishin da ke kula da tsaftar gari a Bagudo. Da Turanci na rubuta, sau uku ina yagewa. Na yi taka-tsantsan sosai da kalmomi. Ban ce hayaƙin ne ya jawo ciwon kowa ba, na ce mai yiwuwa yana tsananta shi. Ban zagi Alhaji ba. Amma a layin ƙarshe, inda ake faɗin abin da ake roƙo, na rubuta cewa a rufe injin har sai an mayar da shi bayan gari. Haka na ga ana rufe irin waɗannan takardu a misalan da muka yi a aji, kuma na ji daɗin yadda jimlar ta zauna. Ban tsaya na tambayi kaina me rufewar za ta jawo ba.

Takardar koke tana son hannun jama'a. Na sayi tawadar dangwale a shagon mai sayar da littattafai, na tsaya a ƙofar masallacin unguwa bayan la'asar kwana uku a jere. A wurinmu idan aka ce mutanen unguwa sun yarda da abu, masu gida ake nufi, kuma a ƙofar masallaci ake samunsu. Namiji baligi ba ya kutsawa gidajen mutane. Wannan ban ma yi tunaninsa ba, haka kawai na tashi na gani.

Abin da ya fi damuna har yau shi ne yadda na fassara musu. Ban karanta takardar layi-layi ba. Nakan ce, "Takarda ce za mu kai Bagudo a hana hayaƙin nan." Ban yi niyyar ɓoye maganar rufewa ba, ko dai haka nake gaya wa kaina. Ina jin na ɗauka ba za a kai ga rufewar ba, gargaɗi kawai za a yi.

Mutane suka dangwala cikin raha. Wani dattijo mai gyaran keke ya miƙo babban yatsa yana cewa, "To ɗan boko, in an raba buhun taki da wanga hannu, kada ka mance da ni." Wani ya ce a ba shi ya dangwala sau biyu, ɗaya nasa ɗaya na akuyarsa, don ita ma tari take yi. Na samu hannu talatin da wani abu, kwafin na nan, wasu sun dushe ba a ƙirga su da kyau.

Mai unguwa ne kaɗai ya ɗan tsaya kafin ya sa hannu. Ya dube ni ya ce, "Auta, kun yi magana da Alhaji?"

Na ce, "Za a yi, Baba."

Ban yi ba. Gaskiyar magana tsoro nake ji. Mutumin da ya ɗauke ni a kafaɗa ina ƙarami, yaya zan zauna gabansa in ce masa sana'arsa na cutar da uwata? Takarda ta fi mini sauƙi, domin ita ba ta da ido. Inna ma ban nuna mata ba. Muna cin abinci a gida ɗaya, takardar na ƙarƙashin katifata. Na ce wa kaina ba na son in ɗaga mata hankali, kuma ina jin akwai son ta ga ranar karatuna a ciki.

Na hau babur ɗin haya, kabu-kabu, da sassafe zuwa Bagudo, na sa takardar cikin leda na cusa cikin riga. Muka ƙetare gadar kogin Kwara rana na ɗagowa. A ofishin na tarar da wani jami'i, dattijo mai furfura a gemu, irin waɗanda muke kira duba-gari. Ya karanta a tsanake, ya gyara mini kuskure ɗaya da biro, sannan ya yi tambayar da mai unguwa ya yi.

"Kun nemi mai injin?"

Na ce, "An yi ƙoƙari, yallaɓai."

Ba ƙarya ce tsagwaronta ba a yadda na tsara ta a raina, don na wuce ƙofar gidan Alhaji sau biyu da niyyar shiga. Amma na san abin da jami'in ya fahimta, kuma na bar shi a haka.

Bayan kamar kwana goma jami'an ofishin suka zo su biyu a kan babur. Suka ga hayaƙin da idonsu, babu mai musun wannan. Suka yi abin da takarda ta roƙa: suka sa kwado a ƙofar ƙarfen, suka shafa jan fenti. Ina tsaye daga nesa. Ba zan ɓoye ba, na ji wani daɗi a ƙirjina a wannan yinin.

Washegari hayaƙi ya tashi kamar kullum. Jibi ma haka. Kwado ya tsayar da inji, amma wutar da ke cikin tulin ba ruwanta da kwado. Ma'aikatan da a da kan ɗan yayyafa ruwa idan ta yi ƙarfi yanzu ba su da hanyar shiga. Sai ma abin ya ƙaru. A gefe guda kuma, kowane gida a unguwar akwai shinkafar da aka turara aka shanya, tana jiran casa, kasuwa saura kwana uku. Sauran ƙananan injinan garin suna da nasu layin, wanda ba nasu ba sai ya kwana biyu bai samu shiga ba.

A rana ta uku, da hantsi, Gwaggo ta shigo gidanmu. Ƙanwar mahaifinmu ce, ita ce babba a cikin masu turara shinkafa a unguwar, kuma ba a san ta da rage murya ba. Mata huɗu ko biyar na bayanta. Ta aika jikar Inna ta kira ni. Na shigo na durƙusa na gaishe ta, ba ta amsa ba.

"Kai ne mai takarda?"

Na ce, "Ni ne, Gwaggo. Saboda ciwon Inna na yi."

"Saboda ciwon Inna. To ga Innar taka nan zamne, ga shinkahwa buhu huɗu ta shanya. Ka casa mata da digirin."

Matan suka yi dariya, ba irin ta jin daɗi ba. Na fara bayanin cewa mutanen unguwa sun sa hannu. Ta katse ni.

"Waɗanne mutane? Mai gyaran keke? Shi ya taɓa hura wuta ƙarƙashin duro? Wa kat tambaya cikinmu? Mu munka san mahwarin abin ga, mu ke shaƙa tai tun sahe, kai kana can kana dangwalar yatsun maza."

A wurin na ji abin da kowace mace a unguwar ta sani, ni ban sani ba. Shekara da shekaru mata ne ke kwashe buntun. Kowace safiya su je da kwanduna da tsofaffin buhuna su ɗiba kyauta. Da shi suke turara shinkafa, a murhun da aka gina don shi, a tura shi kaɗan-kaɗan. Magina na ɗiba su cuɗa da laka. Masu kaji na shimfiɗawa. Shi ya sa tulin bai taɓa wuce gwiwa ba. Sai wata shekara buhunan shinkafar mutane suka ɓace a filin injin, Alhaji ya biya daga aljihunsa, ransa ya ɓaci, ya ja katanga, ya ce wanda ba casa ya kawo ba kada ya shiga. Daga ranar buntu ya rasa mai ɗiba. Ya taru, aka sa masa wuta. Mata kuma suka koma neman itace, idan ya ƙi kamawa su haɗa da leda da guntun takalmin roba. Inna na shaƙar wancan hayaƙin da safe, ta shaƙi wannan da rana.

Gwaggo ta ce sun riga sun shirya ita za ta yi wa Alhaji magana, jira take ya dawo daga wata ta'aziyya a Sharabi hankalinsa ya kwanta. "Ƙohwa muka so a buɗe muna. Kai kaz zo ka ƙara mata kwado."

Suka fita suka bar ni da Inna. Tana zaune a kan tabarma tana juya shinkafar da ke shanye da hannu. Can ta ce, ba ta ɗago ba, "Auta, ina nan ɗaki kullum. Da ka tambaye ni."

Da yamma Yaya ya kira. Labari ya kai masa. Ya ce to yanzu ga hayaƙi ga ba sana'a, me ya rage da zai riƙe ta? Asabar ta sama yana tafe. Na ce ya ƙara mini kwanaki. Ya ce, "Kwanakin da na ba ka ne ka rufe inji da su."

Kasuwar makon nan ta wuce Inna ba ta auna ko mudu ɗaya ba. Matan ƙetare suka zo suka koma hannu wofi.

Washegarin kasuwa Gwaggo ta aiko in sa riga mai kyau in same ta. Ta ce gidan Alhaji za mu. Na ce ko a bari mai unguwa ya shiga tsakani. Ta ce mai unguwa ma yatsansa na jikin takardar, da wane ido zai je? Ita kuwa tana da hanyar da babu wanda ke da ita. Alhaji ɗan kawunta ne, taubashinta, akwai wasa tsakaninsu tun suna yara, kowanensu na cewa ɗayan bawansa ne. Abin da wani zai faɗa masa a yi shekara ba a gaisa ba, ita za ta faɗa a yi dariya.

Muka same shi a zaure bayan azahar, a kan buzu, carbi a hannu. Na durƙusa daga bakin ƙofa. Bai kalle ni ba. Gwaggo ta shiga da sallama ta zauna ba tare da an ce ta zauna ba.

"Sannu bawana. Na ji an ɗaure ka da kwado kamar akwatin amarya."

Ya ce, "Baiwar gidanmu, ke kika turo ɗanki ya kai ni ƙara? Tun kina yarinya ba ki da kunya."

"Da ni na kai ka, da kai za su sa wa kwadon, ba ƙohwa ba. Kai da ka tara buntu kana gadi kamar zinari. Mi za ka yi da shi, gado za ka bar wa ɗiya?"

Ya yi ƙoƙarin ɗaure fuska, dariya ta ƙwace masa. Sai da ya nutsa ya juyo gare ni. Ya ce abin da ya ƙona masa rai ba rufewar ba ce. Gidansa da namu taku nawa ne? Na wuce ƙofarsa na hau babur na ƙetare kogi don in faɗa wa baƙo abin da ban faɗa masa ba. Ya ce bai san ciwon Inna ya kai haka ba, don gidansa na gabas da injin, iska ba ta kai masa. Ko gaskiya ne bai sani ba, ban iya tabbatarwa ba, amma na yarda da shi.

Na ce, "Na yi kuskure, Baba Alhaji. A gafarce ni." Na so in ƙara bayani, Gwaggo ta harare ni, na yi shiru.

Suka daɗe suna ja. Shi yana maganar buhunan da suka ɓace, ita tana cewa ɓarawon buhu ba da kwando yake zuwa ba. A ƙarshe aka tsaya a kan cewa za a fasa ƙaramar ƙofa a katangar baya, daidai inda buntu ke zuba, a ja waya tsakanin wurin da inda ake jibge buhuna. Mata su shiga ta nan daga safe zuwa hantsi, kada su taka wajen buhuna. Shi kuma ba za a sake sa wuta ba. A tunanina Gwaggo ce ta kawo shawarar ƙofar. Alhaji yana cewa shi ne, har yau suna musu a kai idan sun haɗu wurin suna.

Da muka tashi ya ce, "Amma ni ba ni zuwa Bagudo roƙon kowa. Wanda ya sa anka ruhe shi za ya sa a buɗe."

Na rubuta takarda ta biyu a yammacin. Wannan karon da Hausa na fara, na karanta wa Inna da Gwaggo daga farko har ƙarshe, suka sa na cire wani wuri suka sa na ƙara cewa mata ne za su kashe wutar. Sannan na mayar da ita Turanci na haɗa su biyun da allura. Gwaggo ta karɓi tawadar dangwalen ta shiga gida-gida, ni ina bin ta ina tsayawa a ƙofa. Ina jiyo ta daga ciki tana maimaita abin da takardar ta ƙunsa, ba ta tsallake komai. Wasu matan da lalle a yatsa, tawadar ba ta kama sosai ba, sai an danna sau biyu. Wata tsohuwa ta ƙi, ta ce ita tun da aka yi mata katin zaɓe ba ta ga amfanin dangwale ba. Hannun da aka samu ya fi na maza yawa, takardar ba ta isa ba sai da na ƙara wata.

Da na koma Bagudo, jami'in nan mai furfura ya ajiye takardun biyu gefe da gefe a kan tebur. Ya duba wannan ya duba waccan.

"Malam, kai ka ce a rufe, kai ka ce a buɗe. Gobe me za ka ce?"

Na gaya masa gaskiya, har da cewa ban nemi Alhaji ba a karon farko. Bai yi faɗa ba. Ya ce da na faɗa tun farko da sun fara da zama da mutane. Ya ce za su buɗe bisa sharaɗin a kashe wutar gaba ɗaya, kuma zai dawo ya duba. Ya cika alkawari, ya zo sau biyu.

A lissafina injin ya yi kwana goma sha ɗaya a rufe. Gwaggo ta ce tara. Ranar da aka cire kwadon, magini ya fasa ƙofar baya kafin azahar. Kashe wutar kuwa ba aikin guga ɗaya ba ne. Idan aka zuba ruwa a sama, ɓawon sama ne ke jiƙa, ciki na ci gaba da ci. Sai an bi da manjagara da shebur an buɗe tulin gefe-gefe, a baje, a jiƙa, a kwashe. Mata suka ɗaure hanci da gyale suka yi layi daga famfo zuwa ƙofar. Ma'aikatan injin suka riƙe shebur, ni ma aka ba ni ɗaya, tafin hannuna ya yi bororo tun ranar farko, abin da ya ba matan dariya ƙwarai. Buntun da wuta ba ta taɓa ba aka kai gidaje. Tokar kuma manoma suka zo da amalanke suka kwashe zuwa fadama. Kwana uku muka yi, ko huɗu.

Yaya ya iso ranar Asabar da hantsi, ya ajiye mota a bakin lungu. Tulin ya ragu ƙasa da katanga, ba a hango shi. Warin ƙuna na nan, amma babu hayaƙi. Injin na ƙara. Ya gaishe da Inna, ya fito tsakar gida ya tsaya yana shinshina iska kamar mai sayen turare. Inna tana zaune gindin murhu tana tura buntu da tsinken kara, ta ɗaura zanenta na aiki da gangan, ban ga ta haɗa ko ɗankwali a jaka ba.

Ya ce, "Inna, kin shirya?"

Ta ce, "Awo, na shirya maka tuwo. Zamna ka ci."

Ya zauna ya ci. Ya tambaye ni yadda aka yi, na faɗa masa, bai yaba mini ba, ban kuma sa rai ba. Kafin la'asar ya ce zai bari a ga bayan damina, idan ciwon ya sake tashi kamar da ba zai saurari kowa ba. Ya koma shi kaɗai, da rabin buhun shinkafa a bayan mota.

Inna na ɗakinta har yanzu. Ba zan ce ta warke ba. Fukar na tashi, musamman idan ta daɗe gaban murhu, kuma na san hayaƙin sana'arta ma yana da nasa kason. Amma tun daga lokacin ba a sake kai ta asibiti a kan babur da asuba ba. Ƙofar baya tana nan, an sa mata ƙyauren langa-langa. Lokacin girbi buntu kan fi ƙarfin masu ɗiba ya ɗan taru, sai Gwaggo ta aika wa magina da masu kaji. Akwai kuma abin da bai dawo ba. Ɗaya daga cikin matan ƙetare, wadda ta fi shekara goma tana aunawa wurin Inna, ta samu wata mai shinkafa a makon da aka rufe injin, ba ta sake zuwa gidanmu ba. Inna ba ta taɓa ambata mini ba. Ni na lura.

Iyakar abin da na iya tunawa ke nan, kuma ta ƙofar gida na ga yawancinsa. Abin da aka tattauna a cikin gidaje, da yadda mata suka ji a kwanakin da injin ke rufe, ban ji da kunnena ba. Saboda haka ina roƙon duk wanda ya halarta, ma'aikatan injin, da waɗanda suka dangwala a ƙofar masallaci, da musamman matan da suka ɗebi ruwa, idan aka karanta muku wannan kuka ji inda na karkace ko na rage wa wani haƙƙinsa, ku sanar da ni in gyara. Yawan kwanakin rufewa da maganar wanda ya fara kawo shawarar ƙofa na fi son a tabbatar mini. Wadda ba za ta iya aiko da rubutu ba ta faɗa wa Gwaggo, saƙon zai iso gare ni.